Nakasa Ake Sayar Mana Da Sunan Kyan Fuska



Na san wasu za su ce, duk matsalolin da suka dabaibaye mu a nan Kurmi, daga tsadar haya zuwa kuɗin motar zuwa gida, a rasa abin da za a yi magana a kai sai wani ɗan ɓera mai tashi? To ku yi haƙuri ku saurare ni, domin a gidana abin ya faru, kuma kuɗin da aka nemi a zuba a ciki gumina ne.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a nan Agege, sai ga ƙanen mai ɗakina ya iso da wata 'yar jakar ƙyalle rataye a wuyansa kamar laya. Yaron kirki ne, kayan waya yake sayarwa a Ikeja, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Yaya, na samo mana sana'ar da babu Bahaushen da ya riga mu." Ya zuge jakar, sai ga wasu kawuna guda biyu farare fat sun leƙo, da idanu baƙaƙe manya-manya kamar an liƙa musu maɓallai. Kafin ka ce kwabo yara sun kewaye mu. Ya ce sunansu shuga gilaida, a Instagram ya gani ya saya, kuma abin da ya biya ya isa ya sayi ragon layya na nuna wa tsara har ya karɓi canji. Namiji ne da mace. Shirinsa su hayayyafa ya riƙa sayar wa 'ya'yan masu hali na Lekki da Abuja, ni kuma in kawo jarin keji da ƙarin wasu guda huɗu.

Sannan ya ɗaga macen, yana murmushin wanda ya tsinci dami a kala. Ya ce ita ce dukiyar. In duba fuskarta: gajeriya ce, a dunƙule kamar ta 'yar tsana, idanun sun fi na namijin fitowa waje. Mai sayarwar ya ce masa irin wannan fuska ba a cika samunta ba, shi ya sa kuɗinta ya ninka na namijin.

Ni jikan masu fataucin dabbobi ne, saboda haka tambayar da ta fara zo mini ita ce wadda kowane dillali a kara zai yi: ina uwarsu, ina ubansu? Ya buga wa mutumin waya muna ji. Mutumin ya ce ai uwarsu ɗaya, tare aka haife su. Uban fa? Sai ya ce, da alfahari wallahi, uban nasu shi ne ma ya haifi uwar, saboda haka jininsu tsantsa ne bai gauraya da na kowa ba. Jama'a, kun ji fa. Abin da ya kamata mutum ya faɗa kansa a sunkuye, shi ne ya zama abin talla.

Bari in ɗan yi bayanin dabbar ga wanda bai taɓa gani ba. Ba ɓera ba ce, kuma duk da kamar da suke yi, ba ta haɗa dangi da kurege ba. Danginta su ne kangaru, wato dabbobin da uwa ke renon ɗanta a cikin wata jaka da ke jikin cikinta. Asalinta dazuzzukan Ostareliya ne da tsibirin Niyu Gini. Babbarta ba ta cika wuce giram 150 ba, tafin hannu ya ishe ta zama. Tana da fata shimfiɗe daga hannu zuwa ƙafa, idan ta buɗe ta sai ta yi shawagi daga wata bishiya zuwa wata, har kimanin mita 50. Da dare take harkokinta, da rana barci. A daji ƙungiya-ƙungiya suke zama a kogon itace, abincinsu kuwa ƙaro ne, da ruwan jikin bishiyar turare wadda wasu ke kira zaiti, da ruwan furanni, da ƙwari. Cikinta kwana 16 ne ko kusa da haka, ɗan ya fito bai kai ƙwayar wake ba, ya rarrafa ya shige jaka ya yi wajen kwana 70. Ɗaya take haifa ko biyu. A hannun wanda ya iya kiwonta takan haura shekara 10.

Ku riƙe maganar ƙaro ɗin nan, domin a nan fuska ta shigo. Wannan dabba da bakinta take neman abinci, kamar yadda manomi ke nema da fartanya. Tana da haƙora biyu dogaye a muƙamuƙin ƙasa, masu tsini zuwa gaba, da su take fafe ɓawon itace har ruwan ya tsattsafo. Kuma ba irin na ɓera ko na zomo ba ne da ke ci gaba da tsiro, nata idan sun karye ko an datse su shi ke nan. Doguwar fuskar nan da ƙanen nawa yake gani kamar muni ce, ita ce mazaunin waɗannan haƙora. Idan ka gajarta gidan, ina kake so masu gidan su zauna?

Ban ce duk wata baƙuwar alama a fuskar gilaida cuta ba ce, kada a yi mini ƙage. Namiji idan ya balaga yakan yi ɗan sanƙo a tsakiyar goshi, wanda bai sani ba sai ya ɗauka makero ne ya nemi magani, alhali wata kafa ce da ke fitar da maiƙon da yake shafa wa 'yan gidansa don a san nasa ne, kamar dai warin bunsuru da ke fitowa daga gindin ƙaho. Wannan lafiya ce. Akwai kuma waɗanda masu kiwo ke kira masu farar fuska, waɗanda ba su da baƙin layin nan da ke ƙarƙashin kunne. Launi ne kawai, ba ya hana ci ba ya hana gani. Amma akwai alamun da ke cewa a garzaya wurin likita: kumburin kunci ko na ƙasan ido, wanda yawanci mugunya ce ta taru a gindin haƙori, da farar yana a idon jariri, da dalalar yawu, da haɓar da ta karkace. Masifar ita ce ɗan kasuwar da ba ya tsoron Allah duk kwando ɗaya yake zuba su, ya rubuta musu "ba a cika samu ba", ya ƙara kuɗi. Mai saye kuma, wanda bai taɓa ganin lafiyayyar gilaida ba balle ya kwatanta, sai ya yi wa rogo kallon kitse.

Mu koma kan farin launin, don shi ne ya jawo haɗa uba da 'ya. Mu Hausawa yanzu ba ma bukatar dogon bayani a kan yadda ake gadon abu a ɓoye, sikila ta koya mana da hawaye. Mai AS lafiyarsa ƙalau, matarsa mai AS lafiyarta ƙalau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Shi ya sa a shekarar 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na jinsin jini. To farin nan mai baƙin ido haka ake gadonsa: sai ɗa ya samo ƙwayar daga uwa ya kuma samo daga uba kafin ya fito fari. Mai kiwo na gari zai nemo wata daga gida mai nisa wadda ke ɗauke da ƙwayar, ya biya kuɗi, ya jira, ya haƙura da 'ya'ya masu launin toka da za su yi ta fitowa. Mai gaggawa kuwa ya san inda ƙwayar take a arha: a jikin 'yar da uban ya haifa, a cikin keji ɗaya. Dabbar da ɗaya ko biyu take haifa, wa zai tsaya jira? Sai dai ƙwayar farin ba ita kaɗai ke ɓoye a jikin uban ba. Duk wani aibin da yake ɗauke da shi a lulluɓe, ta wannan ƙofar zai haɗu da ɗan uwansa ya bayyana.

Masana suna da ma'aunin wannan kusanci. Ɗan da aka samu tsakanin 'ya'yan wa da ƙani, wato irin auren zumuncin da muka sani, yana kan kashi 6.25 cikin 100. Na uba da 'ya, ko na wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, kashi 25 ne, ninki huɗu ke nan. Waɗannan biyun da ke cikin jakar ƙanena a kan 25 ɗin aka haife su, in ma an ɗauka kakanninsu bare ne da juna. Da na ba da jarin an haɗa su, 'ya'yansu da sun tashi a kan kashi 37.5. Wannan shi ne sana'ar da babu Bahaushen da ya riga mu.

Kuma tun daga tushe randar ba ta da faɗi. Ostareliya ba ta yarda a fitar da dabbobinta na asali don kasuwanci. A shekarar 2019 wasu masu bincike suka bi diddigin ƙwayoyin halittar waɗanda ake kiwo a Amurka, suka gano asalinsu daga yankin garin Sorong ne, a ƙasar Indonesiya. Daga cikin waɗannan ne aka tsinci 'yan ƙalilan masu baƙon launi aka yi ta juya su. Su kansu masu kiwon a can sun san akwai zuriyoyin masu dabbare-dabbare da mazansu ba sa haihuwa, shi ya sa na kirkin cikinsu suke ajiye salsalar kowace dabba har kaka da kakanni, suna lissafa kusanci kafin su haɗa. To idan a inda ake da rajista ana fama, ina ga wadda ta biyo hannu biyar kafin ta iso Ikko, ba takarda, ba sunan uwa, sai hoton da aka ɗauka ta gefen da ya fi kyau?

Wani zai ce ai Turawa ma suna yi. Ƙwarai suna yi, kuma sun ga abin da ya biyo baya. A shekarar 1951 Sarkin Rewa a Indiya ya kama wani farin ɗan taiga, damisar nan tasu mai zane-zane, aka sa masa suna Mohan. Da aka haɗa shi da mace mai launin da aka saba, 'ya'yan duk ba farare ba ne. Sai aka haɗa shi da 'yarsa, a 1958 aka samu farare. Daga nan gidajen namun daji suka yi ta rububi, mutane na biyan kuɗin kallo, ana ɓoye musu masu harara-garke da masu tsagaggen ganda da masu karkataccen ƙashin baya. Sai a 2011 ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka ta hana mambobinta wannan kiwo. Haka karnukan nan masu fuska a lotse da za ku gani a bayan motocin manya a tsibiri, suna numfashi kamar mai minshari ido biyu. An yi ta zaɓen mai gajeren hanci ana haɗawa da mai gajeren hanci har aka wayi gari kare ba ya iya gudu cikin zafi, da yawa kuma ba sa haihuwa sai an yi musu tiyata. A 2019 ƙasar Holan ta fitar da ma'auni, ta ce karen da tsawon hancinsa bai kai kusan sulusin kansa ba kada a yi kiwo da shi. Su sun ɗauki shekaru sama da ɗari kafin su fara juyowa, mu kuma yanzu muke neman tikitin shiga motar da suke sauka. Ita gilaida ɗin ma, a jihohin Kalifoniya da Hawayi da Alaska doka ba ta yarda ka ajiye ta a gida ba sam.

Wani kuma zai ce, ai Allah ne Ya halicce ta haka, kai wane ne? Gaskiya ne, kuma wadda aka riga aka haifa da nakasa haƙƙinta ne a kula da ita har ƙarshen kwananta. Amma wa ya kulle uba da 'yarsa a keji ɗaya? A daji 'ya'yan kan bar gidan iyayensu kafin su cika shekara, su nemi wani wuri. Mutum ne ya toshe wannan hanya da waya, don ya ga launin da zai sayar. Kada mu yi aika-aika da hannunmu mu jingina wa ƙaddara. Tun muna makarantar allo muke jin labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, kuma malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a yi wa dabba lalas a fuska ko a doke ta a fuska. Idan ƙuna ta rana ɗaya an hana, ina ga fuskar da aka ƙera ta yadda mai ita ba zai ji daɗin cin abinci ba har ya mutu? Wannan tambaya ce na bar wa malamanmu na Sabo-Sabo, sun fi ni sani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk Nijeriya babu waɗanda ya kamata a kasa yaudara da wannan kamar mu. Mu ne masu kara. Mu ne muka cika mayankar Oko-Oba. Yaro ɗan shekara 12 a cikinmu ya san ya buɗe bakin rago ya duba haƙori kafin a yi ciniki. Bafulatani ya san idan bijimi ya daɗe a garke har ya fara bin 'ya'yansa, lokacin canza shi ya yi, in ba haka ba maruƙa su riƙa fitowa a tsamure. Mai kiwon tantabaru a Fagge ko a Sabon Ibadan ya san amfanin musayar jini da maƙwabci. Ka kawo wa Alhajin kara Balami mai karkatacciyar haɓa ka ce masa ado ne, a ƙara kuɗi, ka ga irin kallon da zai yi maka. Amma da zarar abu ya zo ta waya, da sunan Turanci, an ɗora masa kiɗa a bidiyo, sai duk wannan ilmin na kaka da kakanni ya bi iska. Haba jama'a!

Na ce masa ba zan ba da ko sisi ba, amma kafin mu ci gaba da gardama mu kai macen a duba ta, domin na lura gashin haɓarta a jiƙe yake, kuma da aka ba su ɗan gwanda namijin ya cinye nasa ita tana ta juya nata. Sai da muka je asibitin dabbobi uku kafin mu samu likitan da ya yarda ya taɓa ta, shi ma ya gaya mana gaskiya cewa a littafi ya san dabbar. Wannan kaɗai ya isa mai shirin kiwo ya yi tunani, a garin da likitan kare da kyanwa ke ko'ina. Ya sa mata ɗan maganin barci ya buɗe bakin ya nuna mana. Haƙoran ƙasan nan biyu ba sa sauka inda ya kamata, ɗaya yana sukar dasashin sama, wurin ya yi gyambo, gefen kuncin ya fara tara ruwa. Wani ɓangare na "kumatun" da aka karɓi kuɗinsu ashe kumburi ne.

Likitan ya ce abu biyu ne ke iya kawo irin wannan fuska. Ko dai gado ne, ko kuma tun tana ƙarama ba ta samu sinadarin kalsiyam yadda ya kamata ba, ƙashin ya tashi da laushi ya lanƙwashe. Na biyun ya zama ruwan dare ga gilaidar da ake ciyarwa da 'ya'yan itace zalla, har ta kai ƙafafun baya su shanye. Na juya na ce wa ƙanen nawa, to zaɓi ɗaya. In gado ne, kana shirin buɗe masana'antar ciwo, kowane ɗan da ka sayar ka sayar wa wani yaro da baƙin cikin da zai zo masa bayan wata shida. In kuma yunwa ce ta lanƙwasa ta, 'ya'yanta ba za su gaji fuskar ba, ka ga an karɓi ninkin kuɗinka a kan abin da babu shi. Ta kowace fuska aka duba, wanda ya sayar maka ya cuce ka, kai kuma kana neman jarin da za ka cuci na gaba.

Maganar ta yi masa zafi, na sani, kuma wataƙila da na tausasa harshe a gaban likita. Da ya sake kiran mutumin, cewa ya yi a dawo da ita ya canza masa da wata, akwai mai jiran irinta. Wato ko kwana ba za ta yi ba za a sake ɗaukar hotonta ta gefen da bai kumbura ba. A nan dai yaron ya nuna ɗan halas ne, ya ce ba zai mayar ba.

Ga 'yan uwana masu shaguna da masu canji da duk wanda Allah Ya buɗa wa har 'ya'yansa suka fara nuna masa irin waɗannan abubuwa a waya, ni shawarata kada a saya. Dabbar dare ce, lokacin da yaranka ke farke tana barci, lokacin da kake neman barci ita kuma take haushi kamar ɗan kwikwiyo. Ba ta zama ita kaɗai, kaɗaici kan sa ta cizon jikinta har ta yi wa kanta rauni. Abincinta sai an auna. In kuwa an ƙi ji sai an saya, to a nemi ganin uwa da uba ido da ido, a tambayi dangantakarsu, a kalli dabbar tana cin abinci kafin a biya, a kuma fara sanin likitan da zai duba ta. Wanda ya ce maka fuskar wannan daban ce shi ya sa ta fi tsada, ka ce masa ya buɗe bakinta. Wanda kuma ya ce jininsu bai gauraya ba, ka riƙe kuɗinka ka yi masa sallama.

Yanzu dai an yi wa namijin fiɗiya, su biyun suna wurina a wani keji da na sa mai walda ya yi mini, ya kusa kai tsayina. Ni da na ce ba zan kashe sisi ba, ga shi ina kashewa. An cire wa macen haƙorin da ke sukarta, kumburin ya sauka, kullum bayan isha'i mai ɗakina ke dama mata abinci mai ruwa-ruwa ta ba ta a murfin kwalba. Ƙanen nawa kuwa yau mako uku ke nan bai tako gidan ba, ko a masallacin Juma'a daga nesa yake ɗaga mini hannu. Jiya ya aiko wa yayarsa saƙo, wai a duba masa ko macen ta ci abinci. Ta ci, amma kaɗan.